Rabon Mai Tsohuwar Magudana

Ni ke rabon ruwa a ƙauyenmu na arewacin New Mexico, kuma ni ke koya wa yara yadda kakanninmu suka haƙa magudanar da ke shayar da gonakin barkononmu. Ranar da muka saki ruwan farko na shekara, da la'asar sakaliya na kwashe su muka bi kan ruwan muna tsame ganye.

"Kakanninmu ba su da na'ura," na ce musu. "Mutum ya haƙa, ruwa ya biyo sheburinsa. In bai biyo ba, ya sake hanya."

"Goggo Eufemia, ruwa na hawa tudu?" in ji Amadeo sarkin surutu.

"Kai dai hau hankalinka. Ba ya hawa."

Ban rufe baki ba muka ji ƙarar shebur.

Cak. Cak.

Daga tsohuwar magudana ƙarar ke fitowa, wadda aka toshe tun zamanin kakata, wadda ta nufi maƙabarta. Ƙamshin ɗanyar ƙasa ya turnuƙe mu. Babu kowa a wurin, amma ƙasa na tashi tana zubewa gefe.

Ruwanmu ya juya ya shiga tsohuwar magudanar. Ya kama hawa tudu.

Nieves, 'yar autarsu, na cikinsa har gwiwa, tana bi, idonta a rufe.

Wallahi na ji tsoro, amma haushi ya fi yawa. Na faɗa ruwan na cafke hannunta. Sanyi kamar ƙanƙara. Wani abu na jan ɗaya hannun.

"Ni na haƙa magudanar nan," wata murya ta raɗa, kamar yashi a cikin kwano.

"Ka haƙa, mun gode," na ce. "Amma kai ka kafa dokar: wanda bai fito aikin sharar magudana ba, ba shi da rabo. Bana ka fito? Sake min yarinya!"



Sheburin ya tsaya. Abin ya sake ta, muka zube ni da ita cikin laka, ruwa ya gangaro hanyarsa.

Iyaye suka ce in daina kai yara bakin magudana. Na ƙi. Yaron da bai san ruwansa ba, wani zai zo ya raba shi da shi.

Sai dai da shekara ta zagayo, ranar shara, muka tarar da tsohuwar magudana a share tas, kafin kowa ya ɗaga shebur. Mai muryar nan ya fito aiki ke nan. Doka doka ce, na buɗe masa ruwansa, na tsaya a bakin wurin, yara a bayana.

"Ga rabonka," na ce. "Ruwa kawai."