Safiyar Aro

Rana ta riga ta faɗa bayan tsaunin Barmu, awaki sun shigo suna neman turakunsu, sa'ad da dutse na farko ya faɗo a tsakar gidan Raƙiya. Tana tsugune gaban murhu tana juya wani baƙin dutse mai santsi cikin garwashi. 'Yarta Shamsiya, mai shekara goma sha tara, da ciwon sikila aka haife ta, kuma in sanyin yamma ya shiga gaɓoɓinta babu abin da ke lallashinsu sai a gasa dutse, a naɗe a tsohon zane, a ɗora mata. Haka suke su biyu tun da maigidan ya tafi neman abinci Abijan, ya koma sai murya a waya.

Raƙiya ta ɗauka akuya ce ta turo dutsen da ya faɗo daga katanga. Na biyu ya faɗo, sai na uku, a hankali, kowanne kusa da ƙafarta. Kaji suka yi tsit. Daga bayan rumbu kuma, inda babu kowa, ta ji muryar mace can ƙasa-ƙasa tana rarrashin jinjiri.

Ta san inda abin ya fito, ko da yake ba ta yarda ta faɗa wa ranta ba. Tsohon dutsen gashinsu ya tsage da safe. Da ta taso daga gona, sai ta bi ta gindin wata aduwa mai tarin duwatsu, tarin da ko masu huɗa kewaye shi suke yi. Kowa a Barmu ya san ba a taɓa shi, Raƙiya ma ta sani. Amma rana na faɗuwa, yarinya na jira, ga dutse sumul daidai gwiwa. Ta sunkuya ta ɗauka, ba sallama ba bisimilla.

Shekara goma sha tara ba zakara ke tashin Raƙiya ba, nishin Shamsiya ne: "Inna, ƙahwata." Washegari kuwa ƙarar taɓarya ce ta tashe ta. Ta fito da ɗankwali a hannu, ta tarar da Shamsiya tsaye kan turmi tana surfe, zufa na bin wuyanta, idon nan da ya saba zama rawaya ya yi fari tas.

"Inna, na yi kwana!" in ji ta, tana dariya. "Na tashi ba inda ka yi mani ciwo. Ashe haka mutane ka tashi kullum, ba ku taɓa hwaɗa mani ba?"

Raƙiya ta zauna bakin ƙofa ta yi kuka har ta gode Allah. Ranar Shamsiya ta yi sawu uku rijiya, ta share gida, ta shanye furar mutum biyu, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna tambayar sunan maganin.

Da magariba duwatsun suka dawo. Shamsiya ta ajiye tsintsiya, ta je ta zauna bayan rumbu, ta kwantar da kai gefe kamar wadda ake yi wa kitso. Raƙiya ta ji ta ce "Inna" da wata irin shagwaɓa, ta amsa, yarinyar ba ta ko waiwayo ba. Ba da ita ake ba.

Kwana tara Raƙiya ta rufe maganar, kuma ni dai ban ga laifinta ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana matsa ƙafar ɗansa ya san abin da safiya guda mai daɗi za ta sa uwa ta haɗiye. Sai dai zaman bayan rumbu ya riƙa matsowa. Daga magariba ya dawo la'asar, daga la'asar ya dawo azahar. A safiya ta goma Shamsiya ta fito fes, fuska na sheƙi, ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Ina kwana, baiwar Allah. Wa kike biɗa?"

Raƙiya ba ta tsaya neman takalmi na biyu ba. Ta tari babur zuwa Affala, wurin Malam Alƙasum, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana wanda aka sani da aikin aljanu.

Sun iso rana ta yi ja. Malam ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, ya sa aka zaunar da Shamsiya gabansa, ya fara karatu a hankali. Iska ta tsaya. Duwatsu suka yi ta sauka kewaye da buzun, ko ɗaya bai taɓa shi ba. Can jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, muryar babbar mace wadda kuka ya dusar.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

"Wace ce ke, kuma mi anka yi maki?"

"Gindin aduwa nike. Dutsen da uwar yarinyar ga tac cusa wuta matashin ɗiyata ne. Shekara ukku da rasuwatta, shi kaɗai yar rage mai ƙamshin kanta. Na zo in ƙone gidan ga ƙurmus. Sai na ishe yarinya na kuka irin kukan tawa."

Raƙiya ta dafe bakinta.

"Ni ka ɗauke mata ciwon, ni ka kwana da shi," in ji muryar. "Ku bar mani ita. Ba ta ƙara nishi har abada."

"Lahiya ta Allah ce, ba taki ba," in ji Malam. "Ba warkar da ita kike ba, janye ta kike kaɗan-kaɗan."

A nan ne Raƙiya ta yi maganar da har yau in ta tuna sai ta sunkuyar da kai. "Malam," ta ce, "in dai ba ta ƙara shan wuya, ko ba ta san ni ba, ina iya haƙuri."

Malam ya dube ta da tausayi. "Ba naki ba ne ki bayar, Raƙiya. A tambayi mai jikin." Ya juya ga yarinyar. "Ke ta gindin aduwa, ja baya."

Kafaɗun Shamsiya suka saki. Ta buɗe ido tana dube-dube, har ta ga uwarta.

"Inna, ina kinka tahi? Wurin da daɗi, ba sanyi, ba ciwo. Amma na yi ta kiran ki, wata ka amsawa. Ni gida nika so."

Jikin Shamsiya ya sake sandarewa. Da muryar ta dawo, babu sauran faɗa cikinta.

"Tawa ma haka za ta ce. To, a maida mani dutsena, da sallama. Zan tahi. Amma ciwon, ku bari in riƙe shi har gobe azahar. Ba ta taɓa tashi lahiya ba tare da ina janye ta ba, ko rabin yini ne ta samu."

Malam ya ce, "Azahar. In kinka wuce, kin san karatun bai ƙare ba." Shamsiya ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta tana barci.

Ta tashi tun kafin kiran assalatu, tana sane da cewa safiyar ta aro ce. Ita ta ɗauki dutsen a ka har gindin aduwa. Raƙiya ta yi sallama, ta ajiye shi, ta nemi gafara. A hanyar dawowa Shamsiya ta ja hannun uwarta suka hau tsaunin da ta girma tana gani daga ƙofar ɗaki. Daga sama ta nuna rufin gidansu, ta yi dariyar ƙanƙantarsa, ta sauko da gudu, zane na kaɗawa, tana ihu kamar 'yar shekara bakwai. A gida ta dama wa uwarta fura, ta ce yau ita za ta matsa mata ƙafa. Tana cikin matsawar aka kira azahar, Raƙiya ta ji yatsun suna yin sanyi a kan ƙaurinta.

Washegari babu taɓarya. Gari bai gama wayewa ba Raƙiya ta ji nishin daga kan gado, siriri, sananne.

"Inna, ƙahwata."

"Na'am, ɗiyata. Ga ni."

Zuciyarta ta karye, kuma ta yi hamdala, duk a numfashi guda. Ta fita ta zaro dutse daga katangar gidansu, ta yi bisimilla, ta tsuguna tana hura wuta.