Reshen da Aka Sare

Tun daga yadda Shamsu ya jingine babur ɗinsa a bakin tafkin Madarumfa bai ko dube ta ba, Zahara'u ta san yau ba zance ya kawo shi ba. Mutumin da yakan fara tsokanarta tun kafin ya kashe inji, yau sai murza hula yake yi a hannu.

Sau uku ana sa ranar aurensu, sau uku ana ɗagawa, duk saboda bak, jarrabawar nan ta gama lise, wato sakandare, da ta kayar da ita shekara uku a jere. Ita kuwa ba ta da burin da ya wuce ta zama ungozomar likita. Tana 'yar shekara goma sha biyu mahaifiyarta ta cika a kan amalanke, a hanyar kai ta haihuwa, kanta bisa cinyar Zahara'u. Wanda ya ga irin wannan ba a ce masa ya manta.

Da ƙyar Shamsu ya buɗe baki. Ya ce idanun mahaifiyarsa, Inna Ɗelu, sun tafi gaba ɗaya, shekaranjiya ma ta ƙone hannu garin laluben tukunya a murhu. Shi kaɗai ta haifa. Kawunnansa sun yanke magana: ko a ɗaura aure da kakar nan amarya ta tare a Gabi ta riƙe tsohuwa, ko kowa ya kama gabansa.

"Shekara guda, Shamsu... guda ɗai," ta ce. "Gwaggo Ramatu ta yarda in zamna wajenta Maraɗi in maimaita aji. Wanga karo ina ci, da yardar Allah."

"Haka kinka ce bara, Zahara tawa. Mi za ni ce ma Inna? Ta dakata da makanta sai kin gama?"

Zahara'u na son shi, son da ko maƙiyi ba zai musa ba, amma taura biyu ba ta taunuwa, kuma abin takaicin shi da kansa ya koya mata taurin kan.

Shekarar da ta fara faɗuwa, har ta tara kayan karatunta za ta cinna musu wuta. Shi ya ɗauke ta ya kai ta gonarsa ta hanyar Gabi, ya nuna mata wani kututturen kalgo da kowa ya ɗauka ya mutu, ga shi ya yi tofo ko'ina. Ya ce sassaben zamani ke nan: ba a tumɓuke kututture, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Sai dai ba zai zama itace ba sai an zaɓi reshe ɗaya mai ƙwari an sare saura, a yi ta sarewa duk damina ba gajiya. Tun daga ranar ta daina zuwa biki, ta daina hirar ƙofar gida, ta riƙe karatu kamar igiyar guga.

Ta tuna masa da wannan, hawaye na bin kumatunta. Ya yi wani murmushi wanda gara kuka da shi.

"Na koya miki, gaskiya ne... ban dai san ni ne reshen da za ki sare ba."

Ya jira ta ce wani abu. Ta buɗe baki, fuskar mahaifiyarta ta tsaya mata a ido, ta rufe. Da ya tayar da babur, ba ta kira shi ba.

Da kaka aka ɗaura masa aure da Sadiya, 'yar kawunsa. Zahara'u ta ji labari a Maraɗi, ta yi kukanta ta ƙoshi, ta wanke fuska ta buɗe littafi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo, amma ba wanda ya faɗa mata cewa ita kaɗai za ta sha.

Da damina sakamako ya fito, sunanta na ciki. Kafin ta ankara har ta danna lambarsa, sannan ta tuna ta kashe. Washegari ta hau kabu-kabu ta ce a kai ta hanyar Gabi, tana gaya wa kanta itacen kawai za ta gani.

Kalgon ya wuce tsayin mutum, sanda guda, miƙe sambal. A inuwarsa Inna Ɗelu ce zaune, Sadiya da tsohon ciki tana ɗora mata hannu a kan ƙwaryar fura. Can ciki Shamsu na duƙe da hauya, bai ɗago ba.

Ta ce wa mai babur su juya. Dattijon ya dubi takardar sakamakon da ke hannunta, ya dubi idanunta, ya tambaye ta cikin tausayi ko bana ma ba a dace ba.

"A'a, Baba," ta ce, kuka ya ci ƙarfinta. "Na ci."