Takalman Amarcin Zeliha

Gab da magariba na ɗauki kwanon miya zan kai wa mijina Nevzat shago. Tun da muka binne 'yarmu Zeliha ya daina cin abinci a gida.

A nan garinmu Afyon in an yi rasuwa, takalman mamaci a ƙofar gida ake ajiye su, mabuƙaci ya ɗauka. Nevzat ya ƙi. Takalman katakon da ya sassaƙa mata na wankan amarci, ya bi su da azurfa, ko sau ɗaya ba ta taka su ba. Ya ɓoye su a shago. Na yi faɗa, na yi kuka, mutumin nan kansa ya fi katakonsa tauri.

Shagon yana jikin tsohon gidan wanka da aka daɗe da rufewa. Ina shiga lungun na ji ƙamshin sabulu da ɗumin tururi.

Sai ƙarar takalmi a kan dutse. Ƙwas. Ƙwas.

Na leƙa. Nevzat na durƙushe da 'yar gudumarsa. Wata na zaune a kan kututturen da yake sara a kai, lulluɓe da zanen wanka, ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Baba, maɗaurin ya matse ni."

Muryar Zeliha ce. Wallahi saura kaɗan in ruga in rungume ta.

"Yanzu zan sassauta, ƙwayar idona," in ji shi a hankali.

Sai na dubi ƙasa.

Diddigenta ne a gaba. Yatsun suna baya. Wannan ba 'yata ba ce, aljana ce.

"Taso ka raka ni ciki, Baba. Ni kaɗai ce."

Ya ajiye gudumar. Ya miƙe.

Kwanon ya suɓuce mini. Na damƙi rigarsa, na ƙwala bisimilla. Wani sanyi ya wuce ta gefen fuskata. Fitila ta mutu.

Da na kunna ta, takalman ne kawai a ƙasa, jiƙe sharkaf.

A daren nan na ajiye su a ƙofar gida. Kafin gari ya waye an ɗauke. Nevzat bai ƙara taɓa gizago ba, yini yake a bakin taga. Ran nan na kasa haƙuri.

"Haba Nevzat! Kai da ka tsufa kana gwada ƙafafun mutane, ba ka ga nata a juye suke ba?"

Bai juyo ba.

"Tun ranar farko na gani, Safiye. Amma yanzu wa zai ce mini Baba?"