Sunan da Inna Ta Faɗa wa Dutsen Niƙa

Roda na tankaɗen gari a tsakar gida, kakarta Tsohuwa ta miƙe ƙafa tana gurzar auduga, sai ga ƙarar ƙararrawar keke a ƙofar gida.

"Ga angon namu nan da akwatin gulmarsa," in ji Tsohuwa. "Tashi maza ki tare shi, kada ya ɗauki tarina ya kai wa Turawan Zariya."

"Kai, Tsohuwa! Rakoda sunanta," in ji Roda.

"Ko ma mece ce. Abin da za ka gaya wa magana ya maimaita, ai magulmaci ne."

Dinatu, mahaifiyar Roda, ko kai ba ta ɗaga daga gaban murhu ba. "Ke, rufe garin nan kafin ki fita," abin da ta ce ke nan. Haka take kiranta tun tana zanin goyo: ke, ko 'yar nan. Roda 'yar fari ce, kuma a Unguwar Jibo, kusa da Kafur, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yaba shi, ba ta yi masa dariya a gaban mutane. Shiga addinin Kirista ya sauya musu abubuwa da yawa, amma wannan alkunya tana nan daram. Roda ta san al'ada ce, amma saninta bai hana abin ci mata rai ba.

Mai keken Bitrus ne, ɗan malamin makarantar mishan, wanda ke shekararsa ta ƙarshe a jami'ar Zariya a wannan damina ta 1965. An riga an yi musu baiko, biki sai bayan kaka. Jami'a ta aiko shi gida da rakoda mai batir don ya tattara waƙoƙin da mata ke yi a bakin aiki, na niƙa da na daka da na daɓe, ya rubuta littafin da zai ba shi digiri. Amma fa aikin ya ƙi ci. Da zarar mata sun ga akwatin sai su yi tsit, in an matsa musu su ja waƙar coci.

"Roda, ki cece ni," ya ce da ita a gindin ɗorawa. "Jiya da safe na biyo ta bayan danganku, na ji Inna tana niƙa tana waƙa. Tun daga Bakori har Malumfashi ban ji murya irin tata ba!"

"To ka roƙe ta mana."

"Ni? Surukin da ko ido ba ya iya haɗawa da ita? Ke dai ki ajiye rakodar kusa da dutse, ki danna nan, shi ke nan. Lakcarana kaɗai zai ji, na yi miki alkawari."

Zuciyarta ta ce mata kada ta yi, ta ji sarai. Amma so ya fi zuciyar baki. Washegari ta cusa akwatin cikin kwando, ta rufe da tsumma, ta danna, ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Da hantsi ta miƙa wa Bitrus kayansa ba tare da ta saurari komai ba.

Ƙa'idar aikin ita ce, abin da ɗalibi ya ɗauko daga bakin mutane ya dawo ya jiyar da su. Saboda haka wata Lahadi bayan an tashi daga sujada aka taru a filin makaranta, maza gefe, mata gefe. Tsofaffi suka ji muryoyinsu suna fitowa daga akwati, aka yi ta dariya ana tafa hannu. Can sai Bitrus ya sauya zaren ɗaukar magana da ke cikin rakodar, ya dubi inda Roda take yana murmushi. Shi a ganinsa kyauta zai yi mata. Boko ya koya masa abubuwa da yawa, ya kuma mantar da shi ɗaya.

Aka ji gurzar dutse, sannan murya ta biyo:

"Roda tawa, Roda ta farin,
Na ƙi dubanki don idon jama'a,
In kin ba da baya nakan bi ki da kallo,
Ran da za su ɗauke ki, wa zai tashe ni da safe?"

Sai wata daga cikin mata ta fashe da dariya. "Iye! Dinatu ce! Ashe haka ake yi a ɗakin niƙa? Roda tawa!"

Dinatu ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa taron ta fice. Sulemanu, mahaifin Roda, dattijon coci guda, ya sunkuyar da kai kamar an yi masa mutuwa. Ita kuwa Roda, abin da ya fi damunta daga baya shi ne, a daidai lokacin da uwarta ke shan kunya, ita daɗi ta ji. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Daɗin ya zo, laifin ya biyo shi ya danne.

Da yamma Sulemanu ya aika gidan malamin mishan: maganar aure a jingine ta. Wanda ya saci muryar surukarsa tun bai shigo gida ba, in ya shigo me zai bari?

Dinatu ta daina zuwa kasuwar Kafur, ta daina zuwa zumuntar mata, don ko rijiya ta je sai wata ta yi gyaran murya ta ce "tawa". Tana niƙa kullum, amma sai kukan dutse kawai ake ji. Wannan shirun ya hana Roda cin abinci. Ta durƙusa gabanta tana hawaye.

"Inna, ni ce na ajiye akwatin. Don Allah ki yafe mini, ko ki dake ni!"

Dinatu ta dubi murhu. "Ke, wutar nan tana mutuwa."

Roda ta faɗa ɗakin kakarta tana kuka. Wannan karon Tsohuwa ba ta yi wasa ba.

"Yi kukanki, kin cancanta. Ubanki ɗan farina ne, ga shi da furfura, kin taɓa jin sunansa a bakina? Kina tsammani ba na son sa? Uwarki ba ta da inda take ajiye abin da ke ranta sai wurin dutsen nan, ke kuma kika je kika kwance mata zani a kasuwa."

Da Bitrus ya zo, ya rame shi ma. Sulemanu ya hana shi wuce zaure.

"Sori, Roda. Na karya alkawari. Na zaci za ki ji daɗi..."

"Na ji. Shi ya sa na kasa barci." Ta share ido. "Bitrus, a goge waƙar."

Ya ce, "Lakcara ya ce ita ce zuciyar littafin. In babu ita sai na sake aikin daga tushe, abokaina su fita su bar ni."

"Ni kuma in babu ita ba zan ƙara jin Inna ta kira sunana ba har in mutu. Ka ga kowa da asararsa. Amma ba tamu ba ce."

Ya tashi ya kwance akwatin daga bayan keke. Aka kira Sulemanu da Tsohuwa zaure su zama shaida. Bitrus ya bayyana musu cewa in aka sake ɗauka a kan zaren, abin da ke ciki ya tafi ke nan har abada.

"Ki saurara sau ɗaya kafin a goge," ya ce da Roda a hankali.

Ranta ya so, Allah ya sani ya so. Ta girgiza kai. "Ba ni ta rera wa ba."

Ita da kanta ta danna. Zaren ya yi ta juyawa yana ɗaukar shirun zauren, hawaye na bin kumatunta, har ya ƙare.

Sulemanu bai ce ya huce ba. Cewa ya yi, "Mu ga yadda za ka yi." Bitrus ya koma yawon ƙauyuka, amma yanzu sai ya yi sallama, ya durƙusa, ya faɗi abin da akwatin ke yi da wanda zai ji. Wasu matan suka kore shi, wasu suka rera. Aka cire auduga, aka kai Funtuwa, kaka ta wuce babu biki. Abokansa suka karɓi digiri yana nan yana fama da keke. Roda kuwa ta karɓe wa uwarta zuwa rijiya da kasuwa, ta shanye habaicin mata ita kaɗai har suka gaji suka bari.

Sai da wata kakar ta zagayo Dinatu ta yi magana, shi ma ta bakin Tsohuwa.

"Ta ce a gaya wa yaron can, jibi mata za su yi daɓen ɗakin 'yar nan a gidansu. In yana so ya kawo akwatinsa, amma ya ajiye shi a fili inda kowa zai gani, shi kuma ya tsaya bayan danga."

Roda ta dafe ƙirji. "Ɗakina? Tsohuwa, ɗakina ta ce?"

"A'a, nawa. Ni zan aure shi!"

Ranar daɓe Dinatu ce ta ba da waƙa, mata na amshi, madaɓai na sauka tare. Babu sunan kowa a ciki. Bitrus na bayan danga yana share ido, kuma waƙoƙin ranar su suka cika masa littafinsa.

Dinatu ta rayu har ta goyi jikoki, ba ta ƙara faɗin sunan ba, Roda kuma ba ta ƙara nema ba. Ta riga ta gane cewa akwai son da ba ya jure idon mutane, kuma abin da ke cikin zuciyar wani, ko kai ne a ciki, ba naka ba ne sai ya miƙo maka da hannunsa.