Tsohuwar da Jobo Ya Kwaso a Buhu

Ranar da aka fara jifa a gidan Jobo, rana ta riga ta faɗa teku amma duhu bai gama sauka ba. Iska ta tsaya cik, irin tsayawar da take yi a Agbodarafo idan damina ta kawo jiki, har rigar da aka shanya tun safe ta kai almuru da danshinta. Jobo na zaune a tsakar gida, ya tsoma hannuwansa cikin ruwan ɗumi, domin siminti ya ci yatsunsa har sun tsattsage. Matarsa Samata tana tuƙa tuwon masara. A ɗaki kuma 'yarsu Barikisu ce, wadda ta dawo gida haihuwa, tana shayar da jaririnta ɗan kwana ashirin.

Wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya dira a gabansa.

"Kwakwa ce?" Samata ta tambaya, ba ta ko ɗago kai ba.

Jobo ya ɗauka ya juya shi a tafin hannu. Ɓallin tsohon shafen siminti ne, gefe ɗaya shuɗi, yana ɗigar ruwa kamar yanzu aka tsamo shi.

"A garinku kwakwa shuɗiya ce?" in ji shi.

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya. Daga nan sai shiru, ko kwaɗin bayan gida ba su yi kuka ba.

Shekara ashirin da shida Jobo ya yi yana gyaran tafkunan iyo na otal-otal da gidajen masu hali, daga Lome har Aneho. A bakin teku wannan aiki ba ya ƙarewa, ba ya kuma jawo wa mutum yabo. Gishiri na cikin iska, gishiri na cikin ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashi. Rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankare, shafe ya yi bororo ya ɓaɓɓako, gansakuka ta shige kowace tsaga. Ka gyara bana, baɗi waccan a kira ka da faɗa. Jobo ya kai matsayin da idan ya ƙwanƙwasa bangon tafki da guduma, kunnensa kaɗai ke gaya masa inda ke da rai da inda ya mutu.

Tafkin wani ƙaramin otal na Madam Ayoko shi ya fi gajiyar da shi. Sau uku yana shafe shi, sau uku wuri ɗaya yana tashi, can ɓangaren mai zurfi.

"Metir Jobo," ta ce da shi ranar da ya koma, da laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a a can, "faɗa mini gaskiya, da siminti kake shafe mini tafkin nan ko da kunu?"

"Madam, ƙasar ce ke gumi."

"Ƙasar kowa ba ta gumi sai tawa? Wannan karon in ya tashi, kai ma ka tashi."

Saboda haka ya kwashe ruwan, ya sa kurfi da guduma ya kankare tsohon shafen gaba ɗaya. A wurin nan mai taurin kai ya tarar da kogo tsakanin shafe da kankare, faɗinsa kamar tabarmar salla. Da ya fasa, wani baƙin ruwa mai sanyi ya kwararo, wata iska mai warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ta bugi fuskarsa. Ya yi atishawa, ya ci gaba da aiki. Da yamma ya ɗure ɓaraguzan a buhuna ya ɗora a babur mai ƙafa uku ya kawo gida. Akwai kwari a ƙofar ɗakin Barikisu inda ruwan sama ke kwanciya, ba ya son mai jego ta riƙa taka taɓo da goyo. Ya zuba, ya daddaɓe, ya rufe da yashi. Har Samata ta yi masa sannu.

Jifan ya zama na kullum, daga kiran magariba zuwa a idar da salla. Bai taɓa samun kowa a jiki ba, amma kowane ɓalli jiƙe yake faɗowa. A rana ta uku ruwan randa ya koma na gishiri. A ta huɗu Samata ta ga sawun ƙafa ƙanana masu laima sun taso daga ƙofar ɗakin, sun zagaya tsakar gida, sun koma inda suka fito, kamar mai neman hanyar fita bai samu ba. Jobo ma ya ji abin da bai gaya wa kowa ba: tarin tsohuwa daga ƙarƙashin yashin, da wani dogon nishi na wanda ya sauke kaya bai huta ba.

A rana ta biyar Barikisu ta cire jaririn daga nono yana tsakiyar sha, ta ajiye shi a ƙasa kamar ƙwarya, ta fito. Ta zauna daidai kan cikon, ta jawo bokiti, ta riƙa ɗiba da moɗa tana kwarara wa kanta.

"Barikisu, yaron na kuka," in ji uwar.

Ta waiwayo da idanu kamar na kifin da ya kwana a kasuwa. "Ba nawa ba ne," ta ce, da wata murya busasshiya wadda ta girmi duk wanda ke gidan.

Suka kai ta asibiti, aka auna aka ce ba a ga komai ba, aka ba su ƙwayar barci. Mijinta direban babbar mota ne, yana can hanyar Wagadugu, wayarsa ba ta shiga. Samata ta koma ɗura wa jaririn madara da cokali, yana sha yana mayarwa. Kukansa ya yi ta raguwa har ya koma kamar na ɗan kyanwa. Jobo kuwa kowace safiya sai ya tafi otal, domin ba a barin tafki ya daɗe babu ruwa a wannan ƙasa. Ruwan ƙarƙashi na iya ɗaga shi ya tsage. Ya yanke ruɓaɓɓen rodi, ya cike tsagogi, ya tara siminti da farin yashi, ya sa ranar Alhamis ta zama ranar sabon shafe. Yana aiki gudumar na yi masa nauyi kamar ba tasa ba.

Ran Laraba da la'asar sakaliya aka kawo wani malami, Alfa Tairu, daga Aneho a bayan babur. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, sai da aka riƙe shi ya sauko. Bai tambayi kowa labari ba. Ya dubi yarinyar zaune a jiƙe, ya dubi yashin da take kai, ya nemi tabarma da ruwan alwala.

Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Hasken rana ya yi ja, ya dushe. Can Barikisu ta sa tafin hannu ta toshe kunnuwa, bayanta ya tanƙware kamar na mai shekara ɗari.

"Ya isa, malam," muryar ta ce. "Kana ƙona ni, kai ma numfashinka na ƙarewa."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Tsohuwa ce. Sunana ba zai amfane ka ba."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

Yatsan Barikisu ya ɗago a hankali ya nuna Jobo. "Shi ya kawo ni. A buhu, kamar gawayi."

Jobo ya tsuguna.

"Da can a bakin gulbi nake," ta ci gaba, "kafin a haifi kakan wannan. Kuka zo da yashi kuka cike. Na koma wata rijiya, kuka rufe ta da kankare. Na koma ƙarƙashin tsohuwar hanya, teku ta cinye ta. Da ƙyar na samu ɗan kogon nan, ko miƙe ƙafa ba na yi. Sau uku mutumin nan yana liƙe mini rufi, sau uku ina ɗagawa in sha iska. Ban taɓa shi ba. Yanzu ya rushe ɗakin, ya zuba ni inda ba ruwa, ya bi ni da duka."

Duk da tsoron da ke cikinsa, wani abu ya ɗan saki a ƙirjin Jobo: ashe ba hannunsa ne ya lalace ba. Sai kuma kunyar wannan tunani ta kama shi.

"An zalunce ki, ba da sani ba," in ji Alfa. "To ita yarinyar me ta yi miki?"

"Ita kaɗai ce mai ruwa a jiki. Duk gidan nan a bushe kuke."

"Ruwan ba naki ba ne. Ga mai shi can yana mutuwa a hannun kakarsa."

"Ku bar mini ita zuwa yaye, sai in tafi."

Alfa ya ɗora karatu daga inda ya tsaya, wannan karon da ƙarfi. Jikin Barikisu ya hau rawa, haƙoranta na haɗuwa. Ɓaraguzai suka zubo kan rufi kamar ƙanƙara. Samata ta rungume jaririn ta juya fuska ga bango. Muryar tsohon ta fara shaƙewa, gumi na bin gemunsa, amma bai tsaya ba sai da ta ce, "Na ji. Na ji. A mayar da ni inda aka ɗauko ni."

Alfa ya dubi Jobo.

"Babu wurin, Iya," Jobo ya ce. "Na cike shi da kankare. Ko ban cike ba, wani zai zo ya fasa."

"Ga teku nan," in ji Alfa.

"Teku da masu ita, kuma ba sa son tsofaffi."

"Gulbi fa? Can gaba, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa."

Aka kira magariba daga nesa.

"Zan je," ta ce. "Amma shi zai kai ni. Ya tono kayana da hannunsa, kada ya bar ko ɓalli ɗaya. Kada ya sake sa ni a abin nan mai hayaƙi, har yau ina jin jiri. Ya fara gobe da safe, kafin rana ta faɗi in kasance a can."

"Gobe ranar shafe ce," Jobo ya faɗa a hankali, shi da kansa.

"Ka yi alkawari ko ba ka yi ba?" Alfa ya tambaye shi.

"Na yi."

"Ke kuma ki rantse da Wanda ya halicce ki ba za ki sake shiga jikin ɗan Adam ba. Ki fita yanzu, ki jira shi cikin kayanki."

Ta rantse. Alfa ya tofa a ruwa ya yayyafa wa yarinyar. Ƙafarta ta hagu ta miƙe, babban yatsan ya girgiza, wani nishi mai tsawo ya fita ya shige ƙasa. Barikisu ta kife. Da ta farfaɗo sai ta dafe ƙirji.

"Inna, ina yaron? Ƙirjina ya cika." Aka miƙa mata shi, ya lalubo ya kama. Tana kallonsa ta ce, "Baba, duk jikina ciwo yake, kamar na yi ƙaura."

Da safe Jobo ya buga wa Madam Ayoko waya ya ce ba zai samu zuwa ba.

"Ga siminti a ajiye, ga hadari na haɗuwa, baƙi kuma ran Asabar," ta ce. "Metir, ka san ba kai kaɗai ne mai cokalin gini a ƙasar nan ba ko?"

"Na sani, Madam."

"To ka aiko a kwashe kayan aikinka."

Ya tone cikon da shebur, sannan ya durƙusa ya tace yashin da rariyar Samata, ya hau rufi ya tsince na cikin kwano. Ya yi ta jigila da baro zuwa gulbin da ke bayan gari, ƙafar baron na nutsewa cikin yashi. Sawu na farko ya jibge a bakin hanya, haka na biyu da na uku, da niyyar idan sun taru ya shigar da su ruwa. Ƙarfe biyar ta wuce lokacin da ya iso da na ƙarshe, kafaɗunsa sun mutu, yatsunsa na zubar da jini.

Sai a lokacin ya lura da wasu turaku da aka kakkafa a wurin. Gajeru ne, an shafa wa kawunansu jan fenti, sun yi layi daga hanya har cikin ruwa. Gefe guda ga tulin yashi da bulo, ga wani mai gadi zaune kan benci yana sauraron rediyo.

"Kai ba Jobo mai gyaran tafki ba ne?" mutumin ya ce. "Allah ya kawo ka. Otal za a gina nan, tafki biyu, har da na yara. Bar mini lambarka in ba mai wurin."

Jobo ya tsaya riƙe da baro. Ya tuna simintin da wani zai shafa yau a madadinsa, ya tuna bakuna huɗu da ke gida. Ya dubi rana, saura kamar kamu biyu ta taɓa ruwa. Ya dubi can gaba, nesa da turaku, inda itatuwa suka yi duhu kuma babu hanya sai taɓo.

"Bari in sauke tsohuwa tukuna," ya ce.

Mai gadi ya leƙa cikin baron, ya dubi hanya hagu da dama. "Wace tsohuwa?"

Jobo ya juye ɓaraguzan baron cikin buhun da ya zo da shi, ya ɗaure bakinsa, ya ɗora a ka, da niyyar dawowa ya kwashi tuli ukun da ke bakin hanya. Ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya yi bisimilla, ya shiga taɓon.