Tsohuwa da Kyauron Bakin Kogi

A can wani zamani an yi wata tsohuwa mai gona a bakin kogi. Kowace damina sai kogin ya cinye mata kunya guda. Da ta ga saura kunya bakwai, hankalinta ya tashi.

Ta samo saiwar kyauro, ciyawar nan mai kama da rake, ta dasa a gaɓa. Duk rani tana ɗaukar tulu tana yi masa ban ruwa.

Maƙwabcinta ya ce, "Haba Iya, raken da ba a sha kike wa wahala? Tuge shi ki sa masara."

Ta ce, "Bari dai, ɗan nan."

Damina ta yi, kogi ya kawo. Kullum sai ta je dubawa. Ruwa ya kai gindin kyauro. Ruwa ya kai wuyansa. Ran nan ya shanye shi ɗungum, tsohuwa ta zauna ta yi tagumi.

Da ruwa ya janye, sai ga kyauro kwance cikin laka, saiwarsa riƙe da ƙasa. Kunya bakwai suna nan cif. Rabin gonar maƙwabci kuwa ya bi kogi.

Maƙwabcin ya zo yana sosa ƙeya. "Iya, a sam mini saiwa."

Ta ba shi, ta miƙa masa tulun. "Tare suke tafiya."