Azumin Labbo

Rana tsaka ce, ba dare ba. Mutane suna manta cewa su ma masu abu, wato iskoki, suna fita da tsakar rana.

Labbo da wansa Nomau suna komowa daga sukuwar wani biki, kowa bisa dokinsa. Tun asuba ba su sa komai a baki ba. Hanya ta bi da su ta gefen tsohon birnin nan na yamma, wanda ganuwarsa ta zube tun zamanin kakanni. Nomau ya ce su wuce, gida ya kusa. Labbo ne ya nace. Ya ce ya ji ƙamshin daddawa, kuma yunwa ba ta san kufai ba. Nomau ya yi dariya, ya kira shi acici, ya juya linzami.

A bakin ƙofa dawakin suka turje. Sai da aka sa musu ƙaimi.

Ciki shiru. Ba kaza, ba kukan jariri. Amma an share titi tas. Wata dattijuwa tana zaune a ƙofar wani zaure, kamar ta daɗe tana jiransu. Ta yi musu maraba, ta shimfiɗa tabarma, ta shiga ta fito da akushin tuwon dawa da miyar kuka.

Labbo ya tsaya ɗaure dawaki, shi ya sa ya gani. Ta taka rairayi sau biyu, ba sawu ko ɗaya. Ya dubi akushin. Tururin ba sama yake yi ba, gangarowa yake ta gefe yana kwanciya a ƙasa. Ko ƙuda bai zo ba.

Ya gane ba abincin mutane ba ne. Kalma ɗaya ta isa, Nomau na nan kusa da shi yana wanke hannu. Amma tsohuwar ta ɗago ta dube shi, shi kaɗai.

“Kai fa, ɗan nan?”

“Ina azumi, Inna.”

Nomau ya waiwayo. Ya san ƙarya ce, ya ɗauka ƙyanƙyami ne na ƙuruciya. Ya yi ƙasa da murya.

“Kai ka kawo mu, yanzu ka kunyata mu? Ba a mayar wa mai gida da akushi cike. Bari in ci na biyu.”

Ya yi bisimilla, muryar ba ta fito ba. Ya ci. Labbo yana riƙe da linzami yana kallo har ya suɗe.

Lafiya suka fito. Ba wanda ya bi su.

A gida an kawo fura, Nomau ya ce ya ƙoshi. Washegari haka. Jibi haka. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Mahaifiyarsu ta dama kunu, ta yi ɗanwake, ta roƙe shi da hawaye. Murmushi kawai yake, ya ce wallahi cikinsa cike yake, kamar yanzu ya tashi daga ci. Aka sha rubutu, aka je asibiti. Kowa yana tambayar me ya ci a hanya, ko za a gane maganin. Nomau ya ce bai tuna ba. Labbo ya ce bai sani ba.

Kwana goma sha tara ya yi. Makararsa ba ta fi nauyin dami ba.

Yanzu duk wanda zai yi yamma, Labbo yakan riƙe masa linzami ya ce ya ci ya ƙoshi tun a gida, kuma in ya ji ƙamshin miya kusa da ganuwar nan kada ya waiwaya. In aka tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai.

Mahaifiyarsu tana sa masa albarka kullum, tana cewa shi ya yi jinyar wansa har ƙarshe. Har yau bai faɗa wa kowa ba.